Kafin Ka Kashe Kuɗi a Kan Fatent: Yadda Za Ka Kare Manhajarka

Duk matashin da ya rubuta manhaja ta fara aiki, tsoro ɗaya ne ke soma kama shi: kada wani mai kuɗi ya gani ya kwaikwaya, ya bar shi da cizon yatsa. Daga nan sai a samu mai ba shi shawara ya je ya yi fatent, wato ya nemi takardar gwamnati mai kare ƙirƙira. Sana'ata ke nan a Kano, rubuta manhaja, ina kuma koyar da ƙanne, kuma kusan duk wanda ya zo min da wannan magana amsa ɗaya nake ba shi: riƙe kuɗinka tukuna. A ganina, cikin masu sana'a irin tamu ƙalilan ne fatent zai yi wa amfani. Sauran akwai kariyar da ta fi araha, ta fi sauri, kuma yawancinmu ba mu yi ta ba. Amma kada ka tsaya a kan ra'ayina. Ga yadda za ka auna da kanka.

Ka fara sanin abin da za ka saya

Fatent ciniki ne tsakaninka da gwamnati. Kai za ka bayyana wa duniya yadda ƙirƙirarka ke aiki dalla-dalla, ita kuma ta ba ka ikon hana wasu amfani da dabarar har shekara 20 daga ranar da ka shigar da takardunka. Ikon hanawa ne kawai. Babu jami'in da zai riƙa duba maka kasuwa. Kai za ka gano wanda ya shiga haƙƙinka, kai za ka kai shi kotu, kai za ka biya lauya. Sannan ikon yana tsayawa a bakin iyakar ƙasar da ta ba ka. Fatent ɗin Najeriya ba ya hana wani kamfani a Indiya ko Kenya yin irin abin da ka yi.

Wannan daban yake da haƙƙin mallaka. Haƙƙin mallaka yana kare rubutun da ka zauna ka yi, wato kod ɗinka, kada wani ya kwafa. Fatent kuwa dabarar yake kamawa. Ko da wani ya zauna a ɗakinsa ya gano ta da kansa, bai taɓa jin sunanka ba, bai ga layi ɗaya na aikinka ba, za ka iya hana shi. Duk rigimar da ake yi a kan fatent ɗin manhaja tun shekarun 1970 daga nan ta samo asali.

Abu na farko da nake sa ɗalibaina su yi, kai ma ka yi shi yau. Buɗe Google Patents, kyauta ne, ka rubuta US5960411. Takardar Amazon ce, wadda aka shigar a 1997 aka amince da ita a 1999. Za ka ga zane-zane da dogon bayani, duk ka tsallake su, ka tafi wurin da aka jera iƙirari da lambobi, wato abubuwan da mai takardar ke cewa nasa ne. Nan ne fatent yake, sauran duk shimfiɗa ce. Ka karanta iƙirari na 1 a hankali. Abin da yake cewa a taƙaice shi ne: a nuna wa mai saye kaya a allo, ya danna sau ɗaya tak, kwamfutarsa ta aika buƙatar tare da alamar da za a gane shi, sabar kamfani, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da shafinsa, ta ɗauko bayanansa da ta riga ta adana, ta kammala cinikin ba tare da ya bi ta kwandon sayayya ba. Shi ke nan. Da wannan takarda Amazon ya kai kamfanin littattafai na Barnes & Noble kotu a 1999, aka tilasta masa ƙara dannawa ta biyu a shafinsa ana tsakiyar cinikin Kirsimeti. Apple ma sai da ya biya kuɗin lasisi kafin ya yi amfani da dannawa ɗaya. Takardar ba ta mutu ba sai 2017. Ofishin fatent na Turai kuwa ya ƙi amincewa da ita.

In ka gama karantawa, ka tambayi kanka tsakani da Allah: da Amazon bai samu wannan takarda ba, da ba zai yi dannawa ɗaya ba? Ni na tabbata zai yi, domin ciniki yake nema.

Abin da kowane ɓangare ke riƙe da shi

Masu goyon baya suna da hujjar da ba za a raina ba. Sun ce ƙaramin mai ƙirƙira ba shi da makamin da zai tunkari babban kamfani da shi in ban da wannan. Misalinsu Stac Electronics, ƙaramin kamfani mai dabarar matse bayanai a faifan kwamfuta. Microsoft ya sa irin dabarar a cikin MS-DOS, manhajarsa mai tafiyar da kwamfuta, Stac ya kai ƙara, a 1994 aka yanke a biya shi dala miliyan 120. Haka kuma dabarar PageRank ta jera sakamakon bincike, wadda Google ya ginu a kanta, Jami'ar Stanford ce ta riƙe fatent ɗinta, ta ba da lasisi, ta samu hannun jari mai tsoka. Ga kuma masu zuba jari, waɗanda wasunsu ke son ganin takarda a hannu kafin su saki kuɗi.

Masu adawa, waɗanda nake tare da su, ga abin da suka gani. Sabon magani yakan ci fiye da shekara goma da maƙudan kuɗi kafin ya fito, shi ya sa shekara 20 ta kariya take da ma'ana a can. Manhaja guda kuwa tana ɗauke da dubban ƙananan dabaru, kuma cikin 'yan shekaru an wuce wurin. Babu mai iya bincika duk takardun da ke akwai kafin ya rubuta layi. Bill Gates da kansa ya rubuta wa ma'aikatansa a 1991 cewa da an yi fatent a kan dabarun farko na wannan fanni, da masana'antar ta tsaya cik. A ƙarshen 1994 kamfanin Unisys ya fara neman kuɗi a kan dabarar matse hoto da ke cikin GIF, wani tsarin adana hoto, bayan duk intanet ta riga ta saba da shi. Haushin hakan ne ya sa masu rubuta manhaja suka haɗu suka ƙirƙiro wani tsarin hoton mai suna PNG, wanda kake amfani da shi yau kyauta. A 2006 kamfanin da ke yin wayar BlackBerry ya biya dala miliyan 612 da rabi ga NTP, kamfanin da ba ya sayar da waya ko ɗaya, don kada kotu ta rufe masa aiki a Amurka. Irin waɗannan kamfanoni sun yi yawa a can, ba sa ƙera komai, takardu kawai suke tarawa suna jiran wanda zai yi nasara su aika masa da lauya. Akwai ma wanda ya yi iƙirarin shi ke da dabarar fodkas, wato shirye-shiryen murya da ake saurara ta intanet, sai da ƙungiyar EFF mai kare 'yancin masu amfani da intanet ta tara gudummawa ta ƙalubalance shi aka soke iƙirarin a 2015.

Manyan kamfanoni su ma ba don ƙirƙira suke tara yawancin takardun ba, don kare kai ne. A 2011 Apple da Microsoft da wasu sun haɗa dala biliyan 4 da rabi sun saye takardun kamfanin kayan sadarwa na Nortel da ya durƙushe. Cikin shekarar Google ya sanar zai sayi Motorola Mobility a kan dala biliyan 12 da rabi, kuma takardun fatent na cikin manyan dalilansa. Wannan fage ne na giwaye. Takarda ɗaya a hannunka ba ta sa ka shiga cikinsu.

Gwada manhajarka da ma'aunin kotu

Hukunci biyu na Kotun Ƙolin Amurka sun ishe ka ma'auni, ko da ba can za ka nema ba, domin su ne suka fi fito da layin a fili.

Na farko shari'ar Diehr, 1981. Masu sarrafa roba ne suka sa kwamfuta tana auna zafin cikin injin a kai a kai, tana lissafi, tana buɗe injin daidai lokacin da robar ta nuna. Kotu ta ce wannan ya cancanta, domin lissafin yana cikin wani aiki na zahiri da ya inganta. Na biyu shari'ar Alice, 2014. Wani kamfanin Ostareliya ya yi fatent a kan sa kwamfuta ta zama mai shiga tsakani a cinikin kuɗi, ta tabbatar kowane ɓangare ya cika alkawari kafin a saki kuɗin. Alƙalan tara gaba ɗaya suka ce a'a. Tsohuwar dabarar kasuwanci ce, ɗora ta a kan kwamfuta bai mai da ita ƙirƙira ba. Bayan wannan hukunci an soke takardu masu ɗimbin yawa.

Yanzu kawo naka. A ce ka rubuta manhajar adashi: tana rubuta sunayen 'yan zubi, tana tuna musu ranar zubi, tana faɗin wanda kwasa ta zo kansa. Aiki ne mai kyau, zai iya kawo maka kuɗi, amma uwar adashi ta daɗe tana yin sa da littafi da biro. Wannan layin Alice ne. Haka manhajar haɗa mai keke-napep da fasinja, da ta sayar da hatsin Dawanau ta waya, da ta biyan kuɗin makaranta. Mafi yawan abin da muke rubutawa nan yake faɗawa, kuma ba abin kunya ba ne.

A ce kuma ka ƙera na'urar da ke auna danshin ƙasa a gonar rani, ka rubuta wani sabon tsarin lissafi da ke kunna famfon sola yana kashewa ta yadda batir zai daɗe fiye da yadda aka saba. Ko ka gano sabuwar hanyar matse murya ta wuce a layin da intanet ke da rauni ba tare da maganar ta lalace ba. Nan ka matso kusa da Diehr. Matsalar ta fasaha ce, maganin ma na fasaha ne. Irin wannan ne Turai ma ke karɓa. Yarjejeniyar fatent ta Turai ta 1973 ta cire manhaja zalla daga abin da ake ba takarda, kuma a 2005 Majalisar Turai ta yi watsi da ƙudurin dokar fatent ɗin manhaja da ƙuri'a 648, 14 kawai suka goyi baya. Duk da haka ofishinsu yana ba da takarda idan manhajar ta warware matsala ta fasaha. Indiya da New Zealand su ma dokokinsu sun cire manhaja zalla.

In ka tsallake wannan, saura bincike. Ka shiga shafukan binciken fatent na Google Patents da Espacenet da Patentscope, ka nemi dabararka da kalmomi iri-iri, ka duba GitHub, shafin da masu manhaja ke ajiye kod, da maƙalun jami'o'i. Duk abin da aka taɓa wallafawa a ko'ina cikin duniya kafin ranar da ka shigar da takarda yana kashe sabuntar dabararka. Har da abin da kai ka wallafa. Wannan ne ke cin matasanmu: mutum ya je gasar fasaha ya baje komai a gaban alƙalai, a ɗauka a bidiyo a sa a YouTube, bayan wata shida ya ce zai nemi fatent. A yawancin ƙasashe ya riga ya rufe wa kansa ƙofa. Amurka tana ba da rangwamen shekara ɗaya, Turai ba ta bayarwa.

Yadda abin yake a gida

Dokarmu ta fatent a Najeriya ta 1970 ce, ba ta ma ambaci manhajar kwamfuta ba. Sharuɗɗanta uku: abu ya zama sabo, ya zama an yi ƙoƙarin ƙirƙira a cikinsa, ya zama ana iya amfani da shi a masana'anta. Ana shigar da takarda a ofishin rajista da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja. Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne, dokar ba ta ɗora wa magatakarda ya binciki ko dabararka sabuwa ce ba. Cikar takardu yake dubawa. Dokar ta faɗa ƙarara cewa ana ba da fatent ne ba tare da tabbacin ingancinsa ba, in an samu matsala kai ta shafa. Kamar a ba ka takardar fili ne ba tare da an je an ga ko akwai ginin wani a kai ba. Ranar da ka kai wani ƙara a Babbar Kotun Tarayya, ranar ce za a fara tambayar ko takardar taka tana da tushe, kuma lauyan wancan ɓangare zai zo da duk abin da ka kasa ganowa a bincikenka. Ga kuɗin sabuntawa duk shekara, in ka daina biya takardar ta faɗi.

Irin waɗannan shari'o'i suna faruwa a nan ma. A 2007 kamfanin LANCOR, mai allon rubutu na Konyin da aka tsara don harsunan Najeriya har da baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ya kai shirin One Laptop per Child, mai samar wa yara kwamfuta mai araha, ƙara a Legas, yana neman dala miliyan 20 bisa zargin an kwaikwayi tsarin allonsa.

'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi hanyarsu daban. Suna cikin OAPI, ƙungiyar ƙasashen Afirka mai ba da fatent, mai hedikwata a Yawunde, inda takarda ɗaya ke aiki a ƙasashe 17, sai dai yarjejeniyar Bangui da ke tafiyar da ƙungiyar ta cire manhaja zalla. Gana da Sudan suna cikin wata ƙungiyar irinta, ARIPO, mai hedikwata a Harare. Najeriya ba ta cikin ko ɗaya, don haka takardar Abuja ba ta aiki a Maraɗi.

Kariyar da ya kamata ka fara yi

Haƙƙin mallaka ka riga ka same shi tun ranar da ka rubuta kod ɗinka, ba sai ka nema ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana lissafa manhaja cikin ayyukan rubutu, kariyar kuma tana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Abin da ya rage maka shi ne hujja. Ka riƙa ajiye aikinka a Git, manhajar da ke adana tarihin duk canjin da ka yi wa kod, tun daga ranar farko, da sunanka na gaskiya, kana turawa ma'ajiya ta sirri a GitHub ko GitLab, domin tarihin da ke wurin yana nuna wa ya rubuta me, a wace rana. In kana son ƙarin shaida, Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana karɓar rajista ta intanet.

Sai yarjejeniya a rubuce, kuma nan nake so in daɗe, domin duk rigimar da na gani da idona a wannan sana'a daga nan ta taso, ban taɓa ganin wadda ta taso daga fatent ba. Abokai biyu su fara aiki, ɗaya ya kawo tunani da kuɗin data, ɗaya ya rubuta kod. Babu takarda, sai amana. Ranar da kuɗi ya fara shigowa, mai kod ya canza kalmar sirri ya ce aikinsa ne, mai tunani ya ce shi ya kawo shawara. Zumunci ya lalace, manhajar ta mutu, iyaye su shiga sasanci a kan abin da ba su san kansa ba. Shafi ɗaya ya isa ya hana wannan: wa ke da kashi nawa, kod ɗin na kamfani ne ko na wanda ya rubuta, me zai faru in ɗaya ya fita. Haka in ka ɗauki wani ya rubuta maka wani sashe ka biya shi, a rubuta cewa ya miƙa maka haƙƙin, ya sa hannu. Kada kunya ta hana ka. Addininmu ma ya umarce mu da rubuta bashi, kuma ba don rashin yarda ba ne. In kana aiki a wani kamfani kana yin naka da dare, ka karanta takardar ɗaukarka aiki, domin a dokar fatent ɗinmu abin da ma'aikaci ya ƙirƙira cikin aikinsa na mai kamfani ne.

Na uku sunan manhajarka da tambarinta. Mutane da yawa suna zaton rajistar CAC ta wadatar. Rajistar kamfani daban, rajistar alamar kasuwanci daban. Ana rajistar alama ne aji-aji bisa irin kaya ko hidima, ka nemi aji na 9 don manhajar da ake saukewa, aji na 42 don hidimar da ake yi ta intanet. Rajistar tana aiki shekara 7, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14, ba ta da ranar ƙarewa muddin kana biya. Mai kwaikwayo a kasuwarmu sunanka da kalar tambarinka yake fara ɗauka, domin su jama'a suka sani.

Na huɗu sirri. Duk abin da ya bambanta ka da saura, ka bar shi a sabarka, kada ka zuba shi cikin manhajar da ke wayar mutane inda za a iya warware ta. Fatent zai tilasta maka wallafa dabarar, galibi bayan wata 18 da shigar da takarda. Sirri kuwa yana nan muddin ka iya riƙe shi.

Sauran kariya kasuwa ce ke ba da ita. A 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, kamfanin Najeriya mai karɓar wa 'yan kasuwa kuɗi ta intanet, a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya haura dala miliyan 200, lokacin 'yan kasuwa sama da 60,000 na karɓar kuɗi ta hanyarsa. Wani zai iya kwaikwayon allon biyan kuɗi cikin mako guda, amma ba zai iya kwaikwayon yardar mutum 60,000 ba.

In kuma tsoronka shi ne kada wani ya yi fatent a kan dabararka ya dawo ya hana ka, maganin kyauta ne: wallafa ta da kwanan wata a inda kowa zai gani. Ta zama tsohon sani, babu mai iya mallake ta. In za ka saki kod ɗinka ga jama'a, lasisin Apache 2.0, ɗaya daga cikin takardun izinin amfani da kod kyauta, yana ɗauke da sharaɗin da ke kare masu amfani daga ƙarar fatent ta waɗanda suka ba da gudummawa.

In har kai ne na ƙalilan ɗin

To, ka auna, dabararka ta fasaha ce, bincike bai nuna wani ya riga ka ba, kuma akwai kasuwa a ƙasar da za ka iya kai ƙara. Ka yi shiru da bakinka har ka shigar da takarda. Duk wanda za ka nuna wa kafin nan ya sa hannu a kan alkawarin riƙe sirri. In kana jami'a ko cibiyar bincike, fara da NOTAP, hukumar gwamnati mai kula da bunƙasa fasaha, tana taimaka wa masu bincike na gida wajen shigar da takardunsu. Daga ranar da ka shigar a Najeriya kana da wata 12 ka nema a wasu ƙasashe a lissafa maka da ranar farko. Najeriya ta shiga yarjejeniyar PCT ta neman fatent a ƙasashe da yawa da takarda ɗaya a 2005, wadda ke ba ka kusan wata 30 kafin ka zaɓi ƙasashen da za ka biya. Ka yi amfani da wannan lokaci ka gwada ko akwai mai saye. In babu, ka tsaya nan, asarar ta yi sauƙi.

Ka san nauyin da ke gaba. A Amurka takarda ɗaya ta manhaja, da kuɗin lauya, sau da yawa tana haura dala 10,000, a jira shekara biyu ko uku, sannan a biya kuɗin riƙewa sau uku a tsawon rayuwarta. Shari'a a can kuwa ana maganar miliyoyin daloli ne. Kada ka rubuta iƙirarin da kanka, kalma ɗaya tana iya faɗaɗa shi har ya faɗi, ko ta ƙuntata shi har ya zama ba ya hana kowa komai. Lauyan da za ka ɗauka ka tambaye shi takardun manhaja nawa ya taɓa rubutawa, ya ba ka lambobinsu ka je ka karanta iƙirarinsu kamar yadda ka karanta na Amazon, sannan ya rubuta maka jimillar kuɗin da za ka kashe daga shigarwa har zuwa shekara ta biyar kafin ka ba shi ko sisi.